Gani Ya Kori Ji: Haƙƙinmu a Kan Takardun Kotu

Jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na firamare a yankin Madadi ya gabatar a taron reshe. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba da kuma iyalansu.



 Tun farko ina so in sauke wa kaina nauyi: ni ba lauya ba ne, ban kuma taɓa aiki a kotu ba. Malamin aji huɗu ne ni, shekarata ashirin da ɗoriya ina riƙe da alli tun da na fito daga kwalejin ilimi. Abin da ya tsayar da ni a gabanku wata wahala ce da na sha tare da wani abokin aikinmu, wadda ta tilasta mini yin tambaya da karatu. Malam Sakatare ya ce ilimin da aka saya da tsada bai kamata ya tsaya a kan mutum ɗaya ba, shi ya sa na amsa.

Shekarun baya an yi sata a wata makaranta da na koyar. Kwanon rufi da aka kawo don gyaran aji biyu ya yi ɓatan dabo a cikin dare. Mukullin sito yana hannun wani malami, mutum mai iyali, wanda ba zan kama sunansa ba ko da yake ya yarje mini in ba da labarin. Aka kai shi wurin 'yan sanda, daga can aka gurfanar da shi a gaban kotu, ni kuwa na tsaya masa aka ba da belinsa. Ofis ya dakatar da shi, aka riƙe rabin albashinsa. Aka yi ta ɗage zama wata da watanni, shaidun masu ƙara ba su zo ba, har ranar da alƙali ya gaji ya kori ƙarar, ya ce malam ya tafi. Muka fito muna hamdala, iyalinsa suka yi abincin sadaka, bayan ɗan lokaci aka mayar da shi aji. A zatonmu magana ta ƙare.

Bayan shekara shida aka zo tantance waɗanda za a ba shugabancin makaranta. Da aka buɗe fayil ɗinsa sai ga takardar dakatarwa, sai ga takardar da ta ce yana gaban kotu bisa zargin sata, amma babu ko layi ɗaya da ya nuna yadda shari'ar ta ƙare. Jami'in da ke tantancewa ya ce da shi, cikin mutunci, shi bai ƙaryata shi ba, amma fayil ba ya jin rantsuwa, sai ya kawo takarda. Muka koma kotun. Alƙalin an yi masa sauyin wurin aiki, akawun da ya san zancen ya yi ritaya, malam kuma bai san lambar shari'arsa ba. Sau uku muna zuwa muna komowa hannu rabbana. Abin da ya cece mu wata 'yar takardar beli ce da na cusa cikin jakar da nake ajiye takardun makarantata, na manta da ita. A samanta aka rubuta lambar. Da ita magatakarda ya gano kundin, muka biya kuɗin da aka yanka, aka ba mu rasit, aka ba mu kwafin da aka buga wa hatimi. Kafin mu kai, an riga an rufe tantancewar wannan shekara. Takardar da za ta ci masa yini ɗaya a ranar da aka kori ƙarar, ita ta ci masa shekara guda ta shugabanci.

'Yan'uwa, kada wani ya ɗauka rubuta hukunci da adana shi baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo a nan Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam, littafin da ya yi bayanin aikin shugabanni da alƙalai, bisa roƙon mutanen Kano. A zamanin Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, ana rubuta shari'o'in majalisar Sarki da Larabci: rikicin gona, gado, sata, kisan kai. Kundin 1913 da 1914 ya rayu har wani masanin tarihi Ba'amurke, Allan Christelow, ya fassara zaɓaɓɓun shari'o'i daga cikinsa ya buga a 1994. Ku duba fa: ƙarar da wani manomi ya kai fiye da shekara ɗari da suka wuce ana iya karanta ta a yau, amma malamin da ya yi kwaleji ya kasa nuna ƙarshen shari'arsa ta shekara shida. Laifin ba na rashin rubutu ba ne. An rubuta, mu ne ba mu karɓa ba.

To me doka ta ce? Zan kawo wurare huɗu, ina roƙon kowa ya rubuta su a bayan littafin darasinsa.

Na farko, Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 36. Wannan sashe ya ce zaman kotu a bainar jama'a ake yin sa. Ma'ana, kowannenmu yana da ikon shiga kotu ya zauna ya saurara, ko da shari'ar ba ta shafe shi ba, muddin ya kiyaye ladabin wurin. Ƙaramin sashe na 7 ya wajabta wa kotu ta rubuta yadda shari'ar laifi ta gudana, ya kuma ba wanda aka tuhuma, ko wanda ya wakilta, haƙƙin samun kwafin hukunci cikin kwana 7 da kammala shari'ar. Sashe na 294 kuma ya ɗora wa manyan kotuna su bayar da hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan an rufe shaida da jawaban ƙarshe, su kuma ba kowane ɓangare tabbataccen kwafi cikin kwana 7.

Na biyu, Dokar Shaida ta 2011. Ita ce ta sa kundin kotu cikin takardun hukuma na jama'a. Sashe na 104 ya ce jami'in da ke riƙe da irin wannan takarda, wadda mutum yake da ikon dubawa, wajibi ne ya ba shi kwafi idan ya nema ya kuma biya kuɗin da doka ta yanka. A ƙasan kwafin za a rubuta shaidar cewa ya yi daidai da na asali, a sa kwanan wata, jami'in ya sa hannu da sunansa da muƙaminsa, a buga hatimi. Wannan shi ne abin da ma'aikatan kotu ke kira CTC. Hoton da ka ɗauka da waya ko kwafin da aka yi maka a shagon bakin titi ba ya tsayawa a matsayinsa, ko a kotu ko a ofis.

Na uku, Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Ta ba kowa ikon neman bayani daga hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Ta yi tanadi ga wanda bai iya rubutu ba ko mai naƙasa ya nema ta hannun wani. An daɗe ana jayayya ko ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli, a watan Afrilun 2025, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta yanke cewa ta hau.

Na huɗu, dokar gudanar da shari'ar laifuka: ta tarayya ta 2015, da tamu ta Jihar Kano ta 2019. A cikin irin wannan doka ne aka hana kama wani a madadin wani, aka kuma wajabta rubuta bayanin duk wanda aka kama. Wanda ya san haka ba zai bari a tafi da ɗansa saboda laifin ƙaninsa ba.

Yanzu bari in zo kan yadda ake yi a aikace, domin sanin doka daban, sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa daban. Abu na farko, ka san kotun da ta yi shari'ar, domin kundi yana zama ne inda aka yi zaman. Aure da saki da gado da yawancin rikicin gona a wurinmu suna gaban kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda dokar jiha ta 2000 ta kafa a madadin kotunan yanki, kuma galibi da Hausa suke rubutu. Ƙarar da 'yan sanda suka kai yawanci tana farawa ne a kotun majistare, inda ake rubutu da Turanci. Manyan laifuka irin su kisan kai da fashi da makami suna gaban Babbar Kotun Jiha, wadda hedikwatarta ke Sakatariyar Audu Bako a cikin Kano. Kada ka ɓata kuɗin mota zuwa birni a kan shari'ar da aka yi a Gwarzo ko Kabo. Ka fara da inda aka yi ta.

Abu na biyu, lambar shari'a. Ita ce sunan yankan fayil ɗinka. Tana kan sammaci, tana kan takardar beli, tana kan jerin shari'o'in da ake liƙawa a allon kotu. Ranar farko da ka taka kotu ka rubuta ta, tare da sunayen masu shari'a kamar yadda kotu ta rubuta su, da kwanan kowane zama. Mu da muke kiran rajista kullum safe mun san yadda suna ɗaya ke maimaituwa sau biyar a aji guda. Haka yake a kundin kotu.

Abu na uku, ka rubuta takardar nema zuwa ga magatakardan kotun. Ba sai da lauya ba, ba sai da dogon Turanci ba. Ka faɗi sunanka, lambar shari'a, da abin da kake so: hukunci kaɗai, ko umarnin kotu, ko dukan bayanin zaman. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya ka riƙe. Wanda ba ya cikin shari'ar shi ma yana iya nema ta wannan hanya, sai dai magatakarda yana iya kai takardar gaban alƙali kafin a bayar. Abu na huɗu, duk kuɗin da za ka biya ka karɓi rasit na gwamnati. Abu na biyar, kafin ka bar tagar ka duba sa hannu da suna da muƙami da kwanan wata da hatimi, ka kuma duba ko an rubuta sunanka daidai. Idan an ƙi ba ka ba tare da dalili ba, akwai na gaba da magatakarda, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta tarayya, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi.

Karɓar takarda rabin aiki ne, sauran rabin shi ne karanta ta. A nan ne muka sha mamaki na biyu. Mu duka mun ɗauka an wanke abokin aikinmu. Da muka karanta sai muka ga sallamar sa aka yi saboda masu ƙara ba su kawo shaida ba. Akwai bambanci mai girma. Wanda aka saurari shari'arsa aka wanke shi, tsarin mulki ya hana a sake gurfanar da shi a kan wannan laifi, sai da umarnin kotu ta sama. Wanda aka kori ƙararsa aka sallame shi kawai, ana iya sake kawo ƙarar. Duk da haka shi ma ba mai laifi ba ne, domin sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Takardar ta ishe shi ya rufe fayil ɗinsa a ofis, amma ya kamata ya san ainihin abin da ke hannunsa. Haka kuma wanda hukunci bai yi masa daɗi ba ya sani ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, a ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne, kuma da kwafin shari'ar ake tafiya. Wanda ya tsaya jiran sai an biya albashi kafin ya nema, yana iya tarar da ƙofa a rufe, sai ya koma roƙon a ƙara masa lokaci.

Ba kowace takarda ce a buɗe ba, kuma wannan ma adalci ne. Kundin binciken 'yan sanda ba na kallon kowa ba ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da kanta ta keɓe abin da zai ɓata bincike da abin da ya shafi sirrin mutum. Tsarin mulki ya ba kotu ikon fitar da jama'a idan shari'a ta shafi wanda bai kai shekara 18 ba. Mu malamai mu ya fi kamata mu fahimci hikimar wannan, domin yaron da aka tallata kuskurensa yana aji biyar zai girma da tabon. Takardar shaidar hali da 'yan sanda ke bayarwa, wadda ake nema wajen tafiya ƙasar waje ko wasu ayyuka, mai ita ne ke nemanta da kansa, a ɗauki zanen yatsunsa a gwada da babban kundin masu laifi na rundunar. Ba za ka je ka karɓo ta maƙwabcinka ba. Akwai kuma rajistar ƙasa ta waɗanda kotu ta samu da laifin fyaɗe da makamantansa, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2019 a ƙarƙashin hukumar NAPTIP, ana duba ta ta intanet. Shugaban makarantar da zai ɗauki maigadi ko malamin sa-kai yana da haƙƙin dubawa, yana kuma da haƙƙin ya tambayi mai neman aikin ya kawo shaida.

Ina so in juya ga iyalanmu, domin wannan mujalla tana shiga gidaje. Yawancinmu ba za mu taɓa tsayawa a gaban alƙali bisa zargin laifi ba, da yardar Allah. Amma kowannenmu zai mutu ya bar magada. Sau nawa muka ga matar marigayi abokin aikinmu tana zirga-zirga tsakanin ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da ofishin fansho, da goyo a bayanta, ana ce mata ta kawo takardar kotu da ta nuna magada? Sau nawa aka raba gona a gaban alƙali, dattawan da suka shaida suka rasu, jikoki suka tayar da rikicin sabo fil saboda ba wanda ya karɓi takardar rabon? Sau nawa mace ta tashi sabon aure aka nemi shaidar rabuwarta da mijin farko, alhali a kotu aka raba auren? Iyayenmu mata, 'yan'uwanmu mata, takardar da ta shafe ku haƙƙinku ce ku riƙe kwafinta da hannunku, ba a aljihun wa ko ƙanin miji kaɗai ba. Ku sa ta a leda, ku ajiye inda gara da ruwan damina ba za su kai ba, ku kuma sanar da babban ɗa ko babbar 'ya inda take.

Akwai wata fuska ta wannan magana da ta fi damuna. Lokacin da abokin aikinmu yake gaban kotu, ba alƙali ne ya hukunta shi ba, mu ne. A majalisar shayi da ɗakin malamai aka yanke masa hukunci, 'ya'yansa suka ji ana kiran ubansu ɓarawon kwano a filin wasa. Yau abin ya ƙara muni, domin saƙo ɗaya a WhatsApp yana zagaye ƙaramar hukuma kafin azahar. Alhali ƙofar kotu a buɗe take, duk wanda yake son gaskiya yana iya zuwa ya zauna ya ji da kunnensa. Kama mutum ba hukunci ba ne, gurfanar da shi ma ba hukunci ba ne. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Haƙƙin da ya ba ka ikon ganin kundi shi ne kuma ya ɗora maka nauyin kame bakinka har sai ka gani. Idan kuwa ka gani, hukunci ya tabbata a kan wanda ya cuci yaro, to kada zumuncin aiki ya sa mu rufe. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa a 1993, tana da kwamitin bincike da na ladabtarwa, kuma amanar yaran da aka damƙa mana ta fi ƙarfin kunyar juna.

Malam Shugaba, ina miƙa shawara uku ga wannan reshe. Ta farko, duk ɗan ƙungiyar da shari'a ta shafi aikinsa, reshe ya tabbatar an karɓi tabbataccen kwafin hukunci a makon da aka gama, a kai ɗaya ofishin ilimi a karɓi shaidar karɓa, a ajiye ɗaya a ofishin reshe bisa yardar mai ita. Ta biyu, a zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su riƙa raka iyalan mamatanmu kotu da ofisoshi har su karɓi haƙƙinsu. Ta uku, a gayyato wani magatakardan kotu ko lauya a taro na gaba, ya gyara inda na yi kuskure, ya kuma faɗa mana kuɗin da doka ta yanka a kan kowace takarda, mu liƙa a allon ofishin reshe kowa ya gani.

Abokin aikin nan namu yau shugaban makaranta ne. Kwafin hukuncinsa yana cikin jaka ɗaya da takardar shaidar malantarsa, kuma duk malamin da aka turo masa sabo sai ya tambaye shi ko takardunsa sun cika. Ni kuma har yanzu ina ajiye da waccan 'yar takardar beli.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure ku yafe mini. Allah Ya kare mu da iyalanmu daga sharrin ƙazafi da zalunci, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.